Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Magana Kan Masu Goge Sunan Mai Zane

Duk wanda ya karɓi wayar abokinsa don ya duba lokaci, abin da zai fara gani shi ne fuskar wayar. A Sassumbrum yau da wuya ka samu saurayi ko budurwa da suka bar fuskar nan yadda kamfani ya sayar musu da ita. Wannan ya sa tambarin Barsalona, wancan ya sa hoton jarumin Kannywood, wata ta sa addu'a a tsakiyar furanni, wani kuma sunansa ne da manyan haruffa masu ƙyalli kamar na fostar fim. Ƴan kaɗan ɗinmu masu kwamfuta, waɗanda suka taho da ita daga Damagaram ko Yamai, su ma haka suke: an canza hoton bango, an canza ƴan alamomin da ake latsawa, an ɗora agogo mai ado a gefe.

Wannan ado ba daga sama ya faɗo ba. Wani ne ya zauna ya yi shi, wani lokaci ma ɗan ajinku ne, da PixelLab ko PicsArt a kan tsohuwar Tecno. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan ka ɗauki zanen wani, ka goge sunansa, ka ɗora naka, me ka aikata? Ni dai ra'ayina a fili yake. Kwaikwayo hanyar koyo ce, ba na ƙin sa. Goge suna kuwa ƙarya ce, ko da ba a karɓi ko dala ba a kanta.

Bari in fara da inda abin ya samo asali. Tun ƙarshen shekarun 1990 matasa a Turai da Amurka suka ɗauki ƙawata fuskar kwamfuta tamkar wasa. Akwai manhajar sauraren waƙa mai suna Winamp, wadda kowa ke iya ɗinka mata riga irin wadda yake so. DeviantArt, da ta fara a shekarar 2000, asalinta wurin baje irin waɗannan riguna ne kafin ta zama matattarar masu zane iri-iri. A 2001 Rainmeter ta fito, wadda ke ba mutum damar shirya agogo, kalanda da ma'aunin batir a fuskar kwamfutarsa yadda ya ga dama. Yawancin masu yin wannan aiki ba biyansu ake ba. Kyauta suke rabawa, kowa ya ɗauka. Amma akwai abu guda da ba sa yafewa a tsakaninsu: mutum ya yago aikin wani ya baje shi da sunansa. Wanda aka kama da wannan, a kan sauke aikin, mutuncinsa kuma ya zube. Ka lura da kyau, ɗan uwa: mutanen da suka yafe kuɗi, ba su yafe suna ba. Ladan da suke nema ke nan, a ce wane ne ya yi.

To mu dawo gida. Wata ɗaliba a ƙungiyarmu ta yi zanen barka da Sallah don fuskar waya. Launukan ta ɗauko su daga faifan kakarta, ta jera su kewaye da rubutun, ta kwana uku tana gyarawa, tana biyan kuɗin caji daga ɗan abin da ake ba ta na lakwal. A can ƙasa ta sa haruffa biyu na sunanta, ƙanana. Ta tura wa ƙawayenta kyauta. Ba a yi mako ba sai ga zanen a wurin wani mai turi ran kasuwa, an datse ƙasan, an ɗora sunan shago da lambar waya, ana haɗa shi da waƙoƙi a tura wa mutane kan ƴan kuɗi. Da aka yi masa magana sai ya ce shi a waya ya tsinta. Abin bai tsaya nan ba. Wata ƴar ajinsu ta ga zanen mai sunan shago, ta dawo tana cewa ashe ƙawarmu kwafowa ta yi take mana burga. Mai abu ta koma ɓarauniyar abinta. Tun daga ranar ba ta ƙara tura wa kowa zane ba.

Kuɗin da mai turin ya samu ba su taka kara sun karya ba. Asarar da aka yi ita ce an mai da mai gaskiya maƙaryaciya, garinmu kuma ya rasa zanen da za ta yi a gaba.

Na sha jin amsoshi huɗu daga masu kare wannan ɗabi'a, kuma ba duka ne shirme ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai ai kowa kwaikwayo yake. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Yaron da ke koyon aikin hula, zanen maigidansa yake bi har hannunsa ya faɗa. Aska biyu da aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, babu maɗinkin da zai ce shi ya ƙago su. Magina da suka ƙawata bangayen unguwar Birni a Damagaram gadon zanen suka yi daga iyayen gidansu. A adabi ma haka abin yake. Abubakar Imam, da ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya. Har manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 1988 Apple ya kai Microsoft ƙara kan cewa ya kwaikwayi kamannin fuskar kwamfutarsa, a 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba shi gaskiya a kan mafi yawan abin da ya nema, kuma dukansu biyu sun amfana da abin da injiniyoyin Xerox suka riga suka yi a shekarun 1970.

Sai dai a duba abin da waɗannan suka yi da abin da suka ara. Imam ya narkar da labaran nan ya sake ƙera su, ya sa musu sarki da waziri da fada irin tamu, ya zuba musu Hausar da har yau ake koyo daga gare ta. Bai kuma ɓoye cewa an tara masa littattafai ya karanta kafin ya fara ba. Yaron mai hula, idan aka tambaye shi wa ya koya masa, da alfahari zai ambaci sunan maigidansa. Mai turin da na ba ku labari fa, me ya ƙara? Almakashi kawai ya sa. Saboda haka ina ganin hawa uku ne, kuma kuskure ne a cuɗa su. Akwai koyi: ka ga salon wani, ka gwada hannunka a kai. Akwai aro: ka ɗauki aikin wani, ka gyara ko ka ƙara, ka faɗi inda ka samo. Sai na uku, ka ɗauki aikin ɗungurungum ka ce naka ne. Biyun farko su suka raya kowace sana'a. Na ukun shi Bahaushe ya kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce aka kawo mana. Mu da muka tashi kusa da makarantun allo da zaurukan malamai mun fi kowa sanin darajar faɗin tushe. Kafin injin buga littafi ya iso ƙasar Hausa, da hannu ake kwafar littattafai, shafi bayan shafi. Mai kwafa yakan ambaci mawallafi a farko, idan ya gama kuma sau da yawa ya rubuta nasa sunan a ƙarshe a matsayin wanda ya kwafa, ya roƙi addu'ar mai karatu. Kowa da gurbinsa, ba wanda ya hau kujerar wani. Malamin hadisi ba ya karɓar magana sai ya san wa ya ji daga wa. Ɗalibin da ya sauke littafi yakan san jerin malaman da karatun ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi. Al'umma ce da ta rayu a kan kwafa ɗaruruwan shekaru, amma ta ɗauki jingina magana ga mai ita a matsayin amana. Mu ne jikokinsu, sai ga shi haruffa biyu a ƙasan hoto sun gagare mu bari.

Amsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Wai shi mai zanen ai shi ma ɓarawo ne: hoton ɗan ƙwallon ba shi ya ɗauka ba, tambarin kulob ba nasa ba ne, fuskar jarumar fim ma bai nemi izini ba. To don me zai yi kuka idan an ɗauki nasa? Wannan ita ce matsalar duk wani aikin masoya, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. A gaban doka, mai ɗaukar hoto yana da haƙƙinsa, kulob yana da haƙƙin tambarinsa. Ko tudun nan kore mai shuɗin sama da muka saba gani a tsofaffin kwamfutocin Windows XP, yana da mai shi: Charles O'Rear ne ya ɗauke shi a Kalifoniya, Microsoft kuma saya ya yi kafin ya ɗora shi a 2001. Saboda haka mai zanen da ya yanko hoton wani, ya kamata shi ma ya faɗi inda ya samo idan ya sani, kuma ya yi hattara da sayar da shi.

Amma ga bambancin. Yaron da ya sa tambarin Real Madrid a zanensa bai yaudari kowa ba, don babu wanda zai zaci shi ya ƙirƙiro tambarin. Abin da yake cewa nasa ne shi ne tsarin: zaɓin launi, inda ya ajiye rubutu, yadda ya daidaita haske, daren da ya kashe. Wanda ya goge sunansa kuwa, wannan tsarin ne yake cewa nasa ne, kuma mutane za su yarda. Na farko ya yi amfani da abin da kowa ya san mai shi. Na biyu ya ɓatar da mai abu. Kuma ko da mun yarda na farkon ya yi laifi, laifinsa bai halatta naka ba. Wanda ya saci akuya a hannun ɓarawo, ba a taɓa kiransa mai akuya ba.

Amsa ta uku ita ce ta mai turin nan: tsinta na yi. Gaskiya ne hoto yana yawo daga Xender zuwa WhatsApp zuwa katin waya har asalinsa ya ɓace, kuma ba kowa ne ya goge suna da hannunsa ba. Amma tun muna yara aka koya mana hukuncin tsintuwa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, wanda ya tsinci abu mai daraja cigiya zai yi har shekara guda. Ba a ce ya rubuta sunansa a jiki ya kai kasuwa ba. Ban ce ka yi shekara kana cigiyar hoton Sallah ba. Abin da ake nema ƙarami ne: idan ba ka san mai shi ba, bar shi yadda ka same shi, kada ka ɗora naka sunan. Idan kuma mai shi ya bayyana, ka mayar masa da sunansa ba tare da gardama ba.

Amsa ta huɗu ita ce ta talauci. Wai mu da ko Windows ɗin da ke kwamfutocinmu ba na saye ba ne, mu da fina-finan da muke kallo duk na turi ne, ina mu ina maganar haƙƙin mallaka? Wai kuma Baturen da ya yi zanen ba zai taɓa sanin akwai wani gari Sassumbrum ba. Na fahimci wannan. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin fotokopi ba zai sayi manhaja da kuɗin da ya fi na abincinsa na wata ba, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta. Sai dai faɗin sunan mai aiki ba ya cin ko tamma. Talauci yana iya hana ka biya, amma bai taɓa tilasta wa kowa ya ce shi ya yi abin da bai yi ba. Sannan hannun da ya saba goge sunan Bature ba ya tsayawa a kan Bature. Ƙawarmu ba a Turai take ba, a bayan gidanku take.

Mun ma ga inda irin wannan ke kaiwa idan ya girma. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke ji da ita, ita kanta kwaikwayo ce: kamfanin Vlisco, wanda ya faro a garin Helmond a 1846, rinin mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya ya kwaikwaya da inji, kasuwarsa ta zo ta buɗe a Afirka ta Yamma. Daga baya masaƙun Najeriya suka yi ta fitar da nasu zanen. Sai aka wayi gari ana kwafar zanen nan a Sin, wani lokaci har da tambarin da ke bakin zani, ana shigo da shi da araha zuwa Kantin Kwari a Kano, kuma wani kaso nasa ta kan iyakokin ƙasarmu yake bi. Manyan masaƙun Kaduna sun rufe a shekarun 2000, dubban ma'aikata suka koma gida. Ba kwafar zane kaɗai ta kashe su ba, akwai matsalar wutar lantarki da tsadar aiki, amma tana cikin dalilan. Masu aikin hula da hannu ma suna kuka da hular inji mai ɗauke da zanensu. Haka nan lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a ba shi haƙƙi a kan irin albasa da sunan Galmi, ƴan Nijar ba su yi shiru ba, suka ce sunan na manoman Galmi ne, gumin kakanninsu ne. Daidai suka yi. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba ya yiwuwa mu yi ihu idan an ɗauke mana sunan albasa, mu kuma yi dariya idan an ɗauke wa ƴar ajinmu sunan zanenta.

Doka tana nan. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai. Haƙƙin mai zane yana tabbata ne da zarar ya yi aikin, ba sai ya yi rajista ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, babu ɗalibar da za ta hau mota daga nan zuwa Yamai saboda hoton fuskar waya. Abin da zai kare ta shi ne abin da ya kare masu ƙawata kwamfuta a can: jama'arta su ɗauki goge suna a matsayin abin kunya. Masu lasisin Creative Commons, da suka fara a 2002 don sauƙaƙa raba aiki kyauta, sun bar wa mai aiki zaɓi ya yarda a sayar ko kada a sayar, a gyara ko kada a gyara. Sharaɗi guda ne ya zama dole a manyan lasisinsu shida: a ambaci mai aikin. Sun zagaya sun zo inda masu kwafar littattafanmu suke tun da daɗewa.

Su ma masu zanen ina da magana da su, don ba duka laifin ke wuyan masu turi ba. Wasu saboda tsoron sata sukan shimfiɗa sunansu da lambar waya a tsakiyar hoto har su ɓata aikin, ka rasa zane kake kallo ko allon talla. Wasu kuma da zarar sun ga wani ya yi amfani da kore da ruwan zinariya sai su ce an sace musu salo. Haba! Launi ba na kowa ba ne, dagi ba na kowa ba ne, jinjirin wata da tauraro ba na kowa ba ne. Wanda ya hana a koya daga gare shi ya manta yadda shi ya koya. Babban abin da ke damuna ma shi ne yawancin zanen da ke wayoyinmu kamarsu ɗaya: haruffa masu ƙyalli iri ɗaya, hayaƙi iri ɗaya a bayan hoto, duk daga ƴan samfuran da kowa ke saukewa. Ka duba waya ashirin ba ka ga alamar cewa masu su ƴan ƙasar Damagaram ne ba. Ga zanen bango, ga aikin dukawa a jikin jaka da takalmi, ga sassaƙar ƙwarya, ga saƙar faifai da tabarma, ga lallen da ƴan uwanmu mata ke zanawa da ka ba tare da sun duba komai ba. Wadda ta ɗauko launin faifan kakarta ita ce ta yi abin da ba a saba gani ba, kuma ita aka sa ta daina. Kayan aro ba ya rufe katara. Muddin mai ƙirƙira ba ya samun ko yabo, kowa zai koma kwafa, mu yi ta juya abu guda har ya tsufa.

Ga abin da nake ba mu shawara, mu ƴan ƙungiya da duk wanda ɗan littafin nan ya faɗa hannunsa. Idan za ka tura zanen wani, tura shi da sunansa. Idan ka gyara, rubuta a ƙasa cewa asalin na wane ne, gyara naka. Idan za ka sayar, nemi mai shi ku daidaita, ko da rabin kuɗin caji ne. Idan ka ga an datse sunan wanda ka sani, faɗa a gaban mutane cewa aikin wance ne, ba sai an yi faɗa ba. Masu shagon turi kuma, ku ne kuka fi kowa riba idan masu zane suka yawaita a garin nan, don haka ku ne ya kamata ku fara kare su.

Wannan ɗan littafi da ke hannunka kwafi ne. Injin fotokopi ne ya haife shi, kuma muna so a ƙara kwafarsa, a kai Magarya, a kai Dungas, a ba ɗaliban jami'ar André Salifou a Damagaram, a tsallaka da shi Daura in an samu mai zuwa. Ba mu neman ko sisi. Amma kowane rubutu a ciki akwai sunan wanda ya yi shi a kai, kuma na san yadda kowannenmu zai ji idan ya gan shi gobe da sunan wani. Abin da muke roƙa wa rubutunmu, shi nake roƙa wa mai zane: in za ka kwafa, kwafa har da sunan. Allah ya sa mu dace.